Ruwan Hoda

Kafin ladan ya buɗe baki a Gadarif
na riga shi tashi,
da 'yar kwalba kamar ɗan yatsa a jaka
da farar ƙwaya wadda ba ta fi riɗi uku ba.
Aikina ke nan: in gai da ruwa, in tambayi lafiyarsa
kafin ya shiga cikin mutane.

In na jefa ƙwayar na girgiza,
ruwa mai gaskiya yakan ji kunya,
ya koma ruwan hoda.
Nan nake sanin maganin da aka zuba a babban tanki
ya sha tafiya cikin bututu bai mutu a hanya ba.

Ranar Talatar nan bai ji kunya ba.
Ya tsaya garai-garai yana kallona
kamar idon jariri.
Na wanke kwalba, na sake. Na kuma sakewa.
Sai na ɗauko kwaɗon da Baba ya bar mini
tare da sifana da littafin awo,
na kulle famfon unguwa.

Jarka arba'in da ɗaya a layi, na ƙirga.
Attayyib mai karo ya diro, ya ɗaure jakinsa:
"Ke Batula, rana na shirin dafa mu,
ruwa kamar madubi ki ce ba shi da lafiya?
Kakanninmu da ƙafa suka tako daga ƙasar Katsina,
sun sha na tafki, sun sha na sawun raƙumi,
ba su mutu ba."
Na ce, waɗanda suka mutu
ba su iso sun ba da labari ba.

Hajja Sakina ta ce in ji tsoron Allah,
randarta ƙaf, ga baƙi daga Sinja cike da tsakar gida.
Ba ni da amsar da za ta jiƙa maƙogwaro.
Ban gaya mata Mahjub nake gani ba,
ƙanena, shekara huɗu,
wanda amai da gudawa suka matse kamar tsumma
tsakanin isha'i da asuba.
Wancan ruwan ma fari ne.

Na bi bututu da ƙafa.
Ƙasar nan baƙar laka ce:
da rani ta tsage har akuya ta karye a ciki,
da damina ta kumbura ta haɗe baki,
bututu na tsakiya ana ja ana saki.
Bayan mahauta, inda kwata ke kwana,
ciyawa ta yi kore shar, ita kaɗai,
a watan da ba kore ko na magani.
Na durƙusa. Na ji ƙasa na tsotso.
In an ɗauke wuta, inji ya yi shiru,
bututu yakan ja numfashi ciki,
abin da ke kwata shi yake shaƙa
ya kai mana har bakin moɗa.

Ofis suka ce mahaɗi sai Alhamis.
Wa ya zo da shebur?
Attayyib, yana haƙa yana mita,
yana tsine wa laka, da mahauta, da ni.
Yara suka kewaya da faranti aka tara kuɗin siminti.
Kwana uku muna tafasa na rijiya,
gawayi ya yi tsada, ba mai amsa sallamata.

Juma'a da hantsi na jefa ƙwaya.
A hankali, kamar mai tuna wani abu,
ruwa ya sunkuyar da kai, ya yi hoda.
Na buɗe kwaɗo. Ni na fara sha, da tafin hannu.

Ba wanda ya ce sannu.
Da yamma Hajja Sakina ta aiko jikanta
wai shayinta na warin magani.
Na ce je ka gaya mata ta ƙara citta.